Gyara a Kwalin Mai Jego

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kaduna, ni da ƙanwata da direba, muka nufi Zariya. Ba yawon buɗe ido ya fito da ni ba. Zuwa zan yi in sallami wata tsohuwa daga aiki, kuma tun daga Kawo nake bitar abin da zan faɗa mata.

Masu bibiyata sun san sana'ata, kwalin mai jego. Mutum ya yi oda ta waya, mu haɗa masa garin kunun kanwa, yaji, man kaɗanya, sabulun salo, turaren wuta da zanen goyo a kwali guda, a kai wa wadda ta haihu ko a Legas take. Sitonmu yana Kwarbai, cikin birnin Zariya. To, wata uku ke nan, in na aika kayan kwali ɗari, sai gari da yaji su ƙare ba a kai casa'in ba. Sauran kwalayen su zauna baki buɗe, ga zani ga sabulu, ba halin turawa, masu oda suna ta kira har a yi suna kaya bai iso ba. Mudun awo kuwa a hannun mutum ɗaya yake, Gwaggo Asabe, wadda ta girme wa mahaifiyata. Ranar Talata raina ya ɓaci, na kira malamin da ke kula da sito na ce akwai mai halin ɓera a wurin. Har sunanta na kama.

Hanya ta yi kyau, damina ta zauna, masara kore shar dama da hagu. A Jaji muka tsaya karin kumallo. Ƙosai ya yi tsada kuma ya ƙanƙance, har ƙanwata ta tambayi mai suyar ko na yara ne ta ba mu, na manya yana ciki. Matar ta ce mu je mu tambayo kuɗin wake mu dawo.

Ta Ƙofar Kuyambana muka shiga birni. Da lunguna suka fara matsewa muka bar direba da motarsa, muka hau keke napep, daga baya ma muka sauka muka taka. Birnin Zariya ba ya gaggawa. Katangun ƙasa sun sha ruwa sun yi duhu, dattawa na zaune a ƙofar zaure suna ɗinkin wuyan babbar riga, kuma ba ka wuce mutum ba gaisuwa. Kafin mu kai sito an tambaye ni gajiya ya fi sau goma, ni da na zo da faɗa a baki.

Siton wani babban ɗaki ne a tsohon gida, an jera buhuna kan katako saboda danshi. Mata shida na zaune a jere kan tabarma, kwali na bin hannu. Ta farko ta shimfiɗa zani a ƙasa, ta biyu ta sa mai, masu sabulu da turare su naɗe nasu a leda biyu don kada ƙamshi ya kama gari. Gwaggo ce kusa da ƙarshe, daga ita sai Malam ya liƙe kwali ya manna adireshi. Na gaishe su, suka amsa a taƙaice, abin da ba halinsu ba ne. Ban kawo komai a raina ba.

Na zauna kusa da Gwaggo ina danna waya, idona kuwa na kan hannunta. Ta cika mudu, ta shafe bakinsa, ta juye a leda. Sai ta yi bisimilla, ta damƙo gari cikin hannu ta ƙara. Yaji ma ta auna, ta ƙara cokali guda. Kwali na biyu haka, na goma haka, a gabana, ba ɓoyo.

Na ce, "Gwaggo, wannan na hannun fa?"

Ta ce, "Gyara mana."

"Ai mudu ɗaya takarda ta ce."

"Takarda ba ta taɓa haihuwa ba, Hajiya. Na tsufa ina sayar da gari, ban taɓa sallamar mutum da mudu a shafe ba, balle mai jego. Ta buɗe ta ga awo cif, ta ce masu kayan nan marowata ne? Sunanki ne fa a jikin kwalin."

Dariya ta kama ni, don na ji nauyi ya sauka daga ƙirjina. Ashe garin da nake nema yana cikin kunun kwastomomina. Sai na lura ni kaɗai nake dariyar. Gwaggo ta kakkaɓe hannunta ta ce ranar Talata wayar Malam a sifika take, duk matan nan sun ji, kuma kafin la'asar maganar ta isa gidansu. Ta ce yau ma ta fito ne kawai don in gani da idona.

Kunya ta rufe ni, ban taɓa jin irinta ba. Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce, "Na yafe tun ranar, 'yar nan. Amma a gaban mutane kika ɗora mini, a gabansu za ki sauke."

Haka aka yi. Na miƙe na faɗa wa matan sito, sannan na bi ta a ƙafa har gidansu, na maimaita wa yayanta, mai gidan, a zaure, na shiga ciki na maimaita wa matan gida cewa zargi na yi ba hujja, Gwaggo ba ta ɗauki ko ƙwayar gero ba. Ba wanda ya gaya mini baƙar magana, kuma hakan ya fi yi mini zafi. Dambu da zogale ma suka kawo mana. Ƙanwata ta ci ta ƙoshi, ni kuwa loma biyu na yi na ajiye cokali.

Kafin mu tafi na kawo shawarar a rubuta gyara a takarda, a ba ta ƙaramin ma'auni. Ta ce in an auna ai ya tashi daga gyara. Muka tsaya a kan zan riƙa ƙaro buhu, yawan gyaran kuma a bar wa hannunta.

Mun iso Kaduna kafin magariba. Abin da na ɗauko daga tafiyar nan shi ne, wanda bai taɓa zama kan tabarmar masu haɗa masa kaya ba, bai san sitonsa ba, kuma bai kamata ya kama sunan kowa ta waya ba. Jiya na kira Malam. Ya ce Gwaggo ta ci gaba da zuwa, gyaranta na nan yadda yake. Sai dai yanzu ba ta kwance bakin buhu sai ta kira wata ta tsaya a kanta.