Ƙafar Hagun Dabo Direba

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Birnin Kudu da Gwaram a shekarun baya ya san Dabo Direba, ko bai shiga motarsa ba ya sha jin bakinsa. Mutumin Dingaya ne. Ubansa ya so ya riƙe fartanya, shi kuwa tun yana saurayi ya gudu tasha, ya fara da dakon kaya, ya zama karen mota, har Allah ya zaunar da shi a kujerar direba. Tun ranar da ya hau wannan kujera bai ƙara ganin kowa da gashi ba.

A faɗi gaskiya, ya iya tuƙi. Ya ja akori-kura mai kwaso buhunan gero daga Basirka, ya ja bas fiye da shekara talatin, bai taɓa kifar da mota ba. Abin alfaharinsa kuwa ƙafarsa ta hagu, mai taka kuloci. In hira ta yi daɗi a tasha sai ya ɗaga ta, ya bubbuga cinya, ya ce, "Direba a nan yake. Hannu ko biri yana da shi."

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma a tashar akwai Ɗan'azumi, wanda shan inna ta shanye wa ƙafar hagu tun yana goye. Bawan Allah ya yi shekaru yana sayar da fetur a kwalabe, har ya samu wata tsohuwar mota otomatik, irin wadda ba ta da kuloci, ya fara ɗaukar fasinja. Dabo ne ya raɗa masa suna Rabin Direba, kuma ba a bayan ido yake faɗa ba. Mace za ta buɗe ƙofar motar Ɗan'azumi, sai Dabo ya ɗaga murya daga kan benci.

"Hajiya, ki sake tunani. Rabin direba ne, rabin hanya zai kai ki!"

Wata rana har sandar da Ɗan'azumi yake dogarawa Dabo ya ɗauke ya cilla saman bas, ya zauna yana kallon yadda zai yi, 'yan tasha suna ta dariya. Ɗan'azumi bai taɓa mayar masa da magana ba. Sunkuyar da kai yake yi ya yi murmushi, mutane suna cewa haƙuri ne da shi.

Shekaru suka tura. Mai bas ya sayar da bas ɗinsa, samari suka cika hanya, babu mai neman direba mai furfura. Dabo ya koma zaman gida a Birnin Kudu, matarsa A'i na sayar da ƙosai suna ci. Zaman nan ya fi masa ciwo zafi, don shi mutum ne da in ba ya riƙe da sitiyari bai san ko shi wane ne ba. Ana haka Alhaji Yahuza, wani ɗan kasuwar hatsi, ya aiko yana neman dattijon direba mai natsuwa. Dabo ya san wannan ce kujera ta ƙarshe da zai samu a duniya, in ta kuɓuce shi ke nan. Ya saka babbar riga ya tafi. Da aka buɗe masa gareji sai ya ga ashe motar Alhaji otomatik ce.

Ya karɓi mukulli, ya haɗiye abin da ya haɗiye. Ya daina bi ta gaban tasha. Ƙafar hagun nan ta rasa aikin yi, yana tafe tana dukan ƙasan mota tana neman kulocin da babu.

Rigimarsa da motar a wajen tsayawa take. Tun yana karen mota aka koya masa cewa in an tsaya a bar mota a giya ta ɗaya, injin zai riƙe ta ko a kan tudu ne. Birkin hannu kuwa a wurinsa kayan 'yan koyo ne, bai taɓa ja ba. To ita wannan motar ba ta sakin mukulli sai an tura sandar giya can sama, wurin da ake ce wa fakin, inda wani ƙarfe ke kulle tayoyin. Dabo zai ja sandar ƙasa zuwa lamba ɗaya, ya kashe inji, ya ja mukulli, mukulli ya ƙi fita. Sai ya tura fakin yana tsaki sannan ta ba shi. Abin ya tsaya masa a rai, wai shi ƙarfe zai koya wa yadda ake ajiye mota.

Wata rana da ya kai Alhaji kasuwar Gwaram sai ya zame wurin wani bakanike mai suna Ashiru.

"Mukullin nan cijewa yake," in ji Dabo. "Ka gyara min."

Ashiru bai tambayi komai ba. Ya kwance murfin ƙarƙashin sitiyari, ya ciro wani ɗan ƙarfe da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya yar a ƙasa.

"Baba, yanzu ko tana gudu za ka iya zare shi."

Dabo ya koma gida ransa fes. Ya ci gaba da ajiye mota a lamba ɗaya, mukulli a aljihu, yana jin ya mayar da ita motar maza. Bai sani ba, kuma ba mai tambaya ba ne balle ya sani, cewa a irin wannan mota in an kashe inji lamba ɗaya ba ta riƙe komai. Ƙofar gidan Alhaji shimfiɗe take, bakin rumbunansa ma haka. Ƙasa ce ta yi ta rufa masa asiri wata da watanni, shi yana ɗauka gwaninta ce.

Da kaka ta yi aka aike shi Farin Dutse ɗauko 'yan buhunan masara daga gonar Alhaji. Wurin gangare ne. Dabo ya tsaya hancin mota na kallon ƙasa, tayar gaba ta ɗan tokari wata kunyar gona, ya ja lamba ɗaya, ya zare mukulli. Azahar ta yi, ya ɗauki buta ya zagaya gaban motar inda wani faffaɗan dutse yake, ya hau alwala. Can baya ma'aikata suna cusa buhuna a but ɗin motar. Buhu na ƙarshe ya hana murfin rufuwa, sai ƙarti biyu suka jingina kafaɗa suka danna da ƙarfi.

Motar da injinta ke kashe ba ta da ƙara. Dabo ya gama wanke ƙafar dama, ya miƙa ta hagu jikin dutsen yana cuɗa diddige, bai ji komai ba sai da ƙarfe ya haɗa ƙwaurinsa da dutse. Ihun da ya fara yi ba na neman taimako ba ne.

"Tana giya! Wallahi a giya na bar ta!"

Ya laluba aljihu ya jefa musu mukulli. Wani manomi da ya taɓa jan mota ya shiga ya murɗa, shiru, ya sake murɗawa, shiru, don irin wannan mota ba ta tashi a lamba ɗaya. Dabo ya san haka, amma azaba ta ɗauke masa magana. Sai da suka sauke buhunan nan ɗaya bayan ɗaya sannan suka iya turo ta baya. Kafin a kai shi asibiti a Birnin Kudu ƙafar ta gama lalacewa, likita ya yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Alhaji ya yi hidimar asibiti, ya zo dubiya sau ɗaya, ya yi addu'a ya tafi. 'Yan tasha sun zo su ma, suna jajantawa suna satar kallon wurin da zane ya lotsa. Dabo bai yi kuka don ƙafar ba. Kujerar yake tunani dare da rana, har A'i ta gaji ta ce, "Malam, ka gode wa Allah da ya bar ka da rai." Ya daka mata tsawa.

Da ya fara iya dogara sanduna ya sa aka kai shi gidan Alhaji a babur. Ya tarar da shi a zaure cikin mutane. Ya zauna a ƙasa da ƙyar, ya gaishe shi, sannan ya faɗi maganar da ya kwana yana juyawa a bakinsa.

"Alhaji, na ce ko zan dawo bakin aiki. Ai motar nan ba ta buƙatar ƙafar hagu. Ko gurgu zai iya tuƙa ta."

"Haka ka daɗe kana faɗa, Malam Dabo," in ji Alhaji. "Shi ya sa da bakanike ya nuna min abin da aka cire mata, na sa aka mayar, na nemo wanda ya saba da ita. Ɗan'azumi! Zo ka kai Malam gida."

Wani a zauren ya ƙunshe dariya, ba ta ƙunsu ba.

Dabo ya zauna a kujerar fasinja, sandunansa a kan cinya. Ɗan'azumi ya ja mota. Sai dai maimakon ya bi gajeriyar hanya, ta gaban tasha ya bi, ya sauke gilashi, ya rage gudu yadda kowa zai gani, har da 'yar danna oda. A ƙofar gida ya tsaya, ya tura sandar giya fakin, ya ja birkin hannu a hankali yana kallon Dabo, ya zare mukulli. Murmushin nan nasa na da yana nan, amma yau bai sunkuyar da kai ba. Ya leƙa ta taga ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji.

"Inna A'i! Fito ki taimaka, na kawo miki Rabin Direba."