Yafiyar da Ban Tuna Na Yi Ba

Ni tela ne a Karaye. Saura mako biyu babbar sallah na ɗauko ɗinkin wani ɗan kasuwa na Rogo Sabon Gari, manyan riguna uku, zan kai masa. Na tuna na shiga ƙaramar motar haya a tasha, mu biyu a kujerar gaba, kayan a kan cinyata. Na tuna direban yana ta musu da ɗan kamasho. Daga nan ban tuna komai ba.

Sauran labarin ba ni shi aka yi. Tayar gaba ce ta fashe, motar ta wuntsila cikin wata gonar gyaɗa. Wata mata ta karye a hannu, wani dattijo a cinya. Ni kuwa da ƙafata na fito, ko ƙwarzane babu sai ƙulu a goshi. An ce har da ni aka ciro dattijon. An ce na yi ta tambaya, "Ina kayan mutane?" A nuna mini, in yi shiru, can in sake tambaya.

Kwana ɗaya na yi a asibiti aka sallame ni. Kowa ya zo jaje sai ya ce, "Kai kam ka auna arziki."

Ranar da na koma shago, ina taka keken ɗinki sai na ji kamar ana buga ƙusa a tsakiyar kaina. Na fita na yi amai a bayan shago. Hasken rana ya zame mini azaba. In na sunkuya zan sa zare a allura, sai allurar ta zama biyu. Na auna wani mutum, kafin in ɗauki biro awon ya ɓace mini. Na yanka shaddar wani ango ba daidai ba, abin da ban taɓa yi ba tun ina koyo. A gida kuma na zama mafaɗaci. Matata ta ajiye kwano da ɗan ƙarfi, na daka mata tsawar da har maƙwabta suka leƙo. Aka ce iska ce ta shafe ni a wurin hatsarin. Na sha rubutu, na shaƙi hayaƙi, ciwo yana nan.

Yayana, wanda shi ne madadin uba a gidanmu, ya kai ni asibiti a Kano. Aka ɗauki hoton kaina, ba a ga komai ba. Likitan ya ce, "Ƙwaƙwalwarka ce ta bugu a cikin ƙoƙon kai. Ba kowane rauni hoto ke nunawa ba. Hutu kake bukata, ka bar ɗinki tukuna." Ya rubuta mini takarda. Sallah ta wuce shagona a rufe.

Da na ji ƙungiyar direbobi ta ɗauki nauyin maganin waɗanda suka karye, sai na ce wa Yaya mu je. Ya yi ta jan ƙafa, amma ya raka ni. Shugaban tashar ya karɓe mu da fara'a, aka gaisa har da tambayar iyali da damina. Na miƙa masa takardar likita. Ya juya ta, ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, ina ciwon yake?"

"A ciki yake, ranka ya daɗe."

"To, Allah ya sawwaƙe. Amma ai maganarka ta wuce. Washegarin hatsarin na kawo maka direban har gadon asibiti. Da bakinka ka ce ka yafe, duniya da lahira."

Na juya na kalli Yaya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka aka yi. Ina wurin."

Na rantse musu ban san an yi ba. Shugaban ya yi murmushi irin na wanda ya saba jin haka.

Akwai wani lauya ɗan unguwarmu da yake zuwa gida ƙarshen mako. Ya bi mini kadin maganar. Takardar inshorar motar, in ji shi, ta bogi ce, irin wadda ake saya don a nuna a kan hanya. A rahoton hatsarin kuma an rubuta ban ji rauni ba. Duk da haka ya ce akwai hanya: yafiyar wanda ba ya cikin hayyacinsa ba ta hana shi neman diyya, in har wanda yake wurin zai shaida halin da nake ciki.

Na samu Yaya a gona na gaya masa. Ya dogara fartanya ya ce, "Ƙanena, jama'a sun ji ka yafe. Yanzu in tsaya gaban alƙali in ce ɗan'uwana ba shi da hankali? 'Ya'yanka mata fa? Wa zai zo neman aure gidan da aka ce uban ya taɓu?"

Na bar shi a gonar. Na dawo gida na kwanta, na rufe fuska da zane saboda haske.

Bayan kaka, ina zaune a ƙofar gida da hantsi, sai ga wani mutum a kan babur da buhun dawa a baya. Ya sauka ya durƙusa. Ban gane shi ba sai da ya ce shi ne direban, daga Falgore. Mai motar ya karɓe motarsa tun lokacin, yanzu noma yake yi.

"Malam, abin ya hana ni sukuni," in ji shi. "Ranar nan sau uku ka yafe mini. Duk sanda ka gama sai ka tambaye ni wane ne ni. Na san ba ka cikin hayyacinka, na yi shiru saboda tsoro."

"Za ka faɗi haka a kotu?"

Ya ce, "Ina da 'ya'ya shida, Malam. In aka ɗaure ni, ban san wa zai riƙe su ba. Na zo ne ka yafe mini da saninka."

Ban ce na yafe ba. Abin da na iya cewa kawai, "Allah ya kiyaye gaba." Ya sauke buhun ya jingine a zaure, ya tafi. Na so in mayar masa, amma rumbunmu babu komai a shekarar. Mun ci.

Ba a shigar da ƙara ba. Sai da na shekara kafin in iya zama a kan keke, kuma har yau da safe kawai nake ɗinki. In rana ta take, kai ya fara sara, sai in rufe. Manyan masu kawo mini aiki sun koma wani wuri. Abin da ya rage mini gyaran wando ne da kayan makarantar yara. Ni da Yaya muna gaisawa, muna haɗuwa a suna da jana'iza, amma na daina zuwa zaurensa hira.