Garin Toshe Lagireto a Dangora

Muna isa Dangora sai tururi ya turnuƙe gaban motata. Ga mahaifiyata kwance a kujerar baya, numfashi na yi mata wuya, asibiti za mu a Kano.

Wani dattijon bakanike a bakin titi ya nuna mini inda lagireto, wato tankin ruwan sanyaya inji, ke ɗiga. Da injin ya huce, ya juye wani gari a cikin lagireton daga 'yar leda, ya cika ruwa, ya ce in tayar.

Wallahi ina durƙushe ina kallo ɗigar ta riƙa raguwa har ta tsaya cak.

Na ce, "Baba, ke nan ta warke?"

Ya ce, "A'a, ɗana. Ƙaramar ɓula kawai yake toshewa, babba ta fi ƙarfinsa. Zai kai ku asibiti in Allah ya yarda, daga nan ka nemi mai walda."

Mun isa lafiya, Inna ta samu sauƙi, washegari aka yi waldar.

Har yau ina mamakin garin nan, amma gaskiyar dattijon ta fi tsaya mini a rai. Ku fa, kun taɓa gwada shi?