Dawar Baffa da Shafin da Ya Yi Shiru

Har yau in na tuna, sai raina ya ɓaci. Akwai wani shafi a intanet da muke haɗa hannu muna rubutawa, kowa ya kawo abin da ya sani game da noman garinsu. Ni malamin firamare ne, sai na ɗauki ɓangaren tsofaffin irin dawa.

A ƙauyenmu Baffa, yayan mahaifina, shi kaɗai ya rage yana shuka su. Sai da na yi ta lallaɓa shi kafin ya yarda. Bayan girbi ya shimfiɗa tabarma ya jera zangarniyoyi, yana ɗaga kowacce yana faɗin sunanta, da ƙasar da take so, da wadda tsuntsu ba ya taɓawa. Na ɗauki hotuna da muryarsa a wayata.

Washegari na zo ɗorawa, shafi ya ƙi buɗewa. Na hau tudun bayan makaranta inda sabis ya fi ƙarfi, nan ma shafi fari fat. Na aika wa masu kula da shafin saƙo, ko uffan. Kwana uku ana haka. To me zan ɗauka? Na ce wayata ce ta lalace. Ranar kasuwa na kai ta wajen mai gyara a Ɗambatta, ya ce sai an wanke ƙwaƙwalwarta. Na ce ya wanke. Ban tambaye shi abin da za a rasa ba, wannan wautata ce, na yarda. Hotuna da murya duk suka tafi.

Da shafin ya dawo, sai ga sanarwa a samansa: wai gyara suka yi, suna godiya da haƙurinmu, kuma ai sun sanar tun farko. A ina? A cikin shafin da ba ya buɗewa! Mai injin niƙan garinmu ko aji ɗaya bai shiga ba, amma ranar da injinsa ya tsaya yakan sa a faɗa a masallaci, kada a sha tafiya da hatsi a ka a banza. Su kuwa masu ilimin, lambobinmu duk suna hannunsu. Layi ɗaya ya isa: laifin daga wajenmu ne, kada kowa ya taɓa wayarsa. Sai suka bar mu kowa yana zargin kansa.

Na koma wajen Baffa, na durƙusa.

"Baffa, a taimaka a sake fito min da zangarniyoyin nan."

"Ai an sussuke, ɗana. Tuwon da ka ci jiya na mene ne?"

"To sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Baffa ya ce, "Ni gwiwa ta ƙare, na bar wa yara gona. Sabon iri suka ce za su shuka, shi ya sa ban ware ko zangarniya ɗaya ba. Na ɗauka dawar tana wajenka, a cikin wayarka."