Mun Shanya Inna a Rana

Innata mace ce mai baki. A unguwarmu ta Badaguishiri, in ka ji dariya ta ɓarke a bakin rijiya, ba sai ka leƙa ba, ita ce ta sa wata a gaba. Haƙoranta jajaye ne da goro da fure, kuma tana ji da su. Yaji kuwa, da za a bar ta ko a kunu sai ta barbaɗa. Shi ya sa har yau nake jin haushin cewa ta baki ciwon ya fara kama ta.

Lokacin ina 'yar shekara goma sha biyar ne, kafin farin nan da ya ƙarar da shanu. Bayan ta haifi autanmu, wasu ƙuraje suka fito mata a ganɗa da cikin kumatu. Da fari ba sa zafi, daga baya suka fashe suka zama miki. Yawu ya ƙafe mata, sai ta kurɓi ruwa kafin loma ta wuce. In ta sa asuwaki, jini. Ta bar goro, ta bar yaji, tuwo ma ya gagara, aka koma koko mai sanyi. Wani jan tabo ya hau karan hancinta ya bazu kan kumatu biyu, yatsunta suka kumbura har ba ta iya dunƙule hannu da safe.

Gwaggo, yayar Baba, ta zo ta latsa yatsun.

"Wanga sanyi na," in ji ta. "Jegonta bai ji wuta ba. Ku hidda ta rana kullum, ta sha ta ƙoshi."

Babu wanda ya yi musu, don kowa ya san maganin sanyi ke nan. Baba yana wuni a lambun albasa, saboda haka ni aka ɗora wa aikin. Kullum da hantsi in shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda babu ko inuwar rumbu, in kamo hannunta in zaunar da ita, in yaye mata mayafi don rana ta ratsa ƙashi. Sai azahar nake mai da ita ɗaki. Ni kuwa a lokacin kaifi ɗaya ce, abin da aka sa ni sai na ga bayansa.

Wata rana ta riƙe bakin ƙofa ta ƙi fita. Magana ta riga ta zame mata aiki, a hankali take fitar da ita.

"Ɗiyata, ranag ga ba ta so na. Duk sadda na sha ta, bakina sai shi ƙara hwashewa."

"Haba Inna, magani ai ba shi da daɗi," na ce mata. Na ɓamɓare yatsunta daga ƙofar.

Da abin ya yi tsanani Baba ya ɗora ta a jaki zuwa gidan likita a Illela. Majo, wato babban mai jinya, ya leƙa bakin da tocila, ya shafa mata wani magani shuɗi, ya ba da ƙwayoyi. Ta dubi kanta a madubi ta ce ga ta yau bakinta ya koma karofi, a kawo zane ta rina. Kwana goma muka yi a gidan danginmu, tana kwance a ɗaki, ba mai fitar da ita. Mikin ya fara ƙamewa, har ta ci tuwo da miyar kuka marar yaji. Duk muka ce shuɗin magani ne ya yi aiki.

Muna komawa gida Gwaggo ta ce baki ya samu, saura gaɓoɓi. Na sake shimfiɗa tabarma. Ba a yi mako ba bakin ya dawo ɗanye, leɓɓanta suka tsage. Sai ƙafafu suka kumbura, sai fuska. Ruwa ma da ludayi nake ɗiga mata ta gefen baki. Ba ta ga daminar shekarar ba.

Na yi furfura kafin in ji sunan ciwon. Na raka ɗiyar maƙwabciyata asibiti a Yamai, da jan tabo a fuska da miki a ganɗa. Likita ya ce ana kiransa lupus, jiki ne ke faɗa da kansa, ba ya warkewa amma ana lallaɓa shi da magani. Ya ja mata kunne kada ta yarda ta zauna a rana, don rana na tayar da shi.

"Ko ta hantsi?" na tambaye shi.

"Ko ta hantsi, Hajiya."

Ana ce mini kwanan Inna ne ya ƙare, kuma na yarda. Ana ce mini rashin sani ya fi dare duhu. To, amma gidanmu akwai wadda ta sani. Ta faɗa mini da bakin da kowace kalma ke ƙona shi, ni kuma na ja hannunta muka fita.