Gamaliel da Doyar Malam Siman

Duk wanda ya san Gamaliel Dogara a Gangaren Tudu ya san mutum ne mai sanyin hali. Ka taka shi a kasuwa, shi ne zai ba ka haƙuri. Amma ka kuskura ka ambaci Malam Siman a gabansa, ko abinci yake ci sai ya tsame hannu.

Abin ya samo asali ne a shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa. Lokacin Gamaliel zai shiga aji huɗu na sakandare, inda ɗalibi ke zaɓen darussan da zai ci gaba da su. A makarantarsu ko dai Jogirafi ko Agirik, ba a haɗa biyun. Shi Jogirafi yake so, don safiyo yake burin zama. Ya sha tsayawa a bakin hanyar Abuja yana kallon masu awon fili da na'urarsu mai ƙafa uku, har rana ta gasa masa ƙeya.

To, Malam Siman, malamin Agirik, yana da nasa salon zaɓen. Sai ya jera yara a rana, ya ce kowa ya buɗe tafin hannu. Mai hannu laushi ya wuce Jogirafi, mai kanta kuwa nasa ne. Gamaliel ɗan manomi ne, hannunsa kamar ɓawon itace.

"Sa, ni Jogirafi na zaɓa," in ji shi.

"Da wannan hannun? Wuce can!"

Da ma a aji ake Agirik ɗin, da da sauƙi. Malam yana da gonar doya a bayan gari, filin aro, can ake kwasar yara da sunan firatikal. Har Gamaliel ya gama makaranta yana riƙe da garma yana ta da kunya, doyar kuwa ko gutsure bai taɓa gani a kwanonsa ba. Wannan ba koyarwa ba ce, zalunci ne tsagwaronsa. Da ya nemi karatun safiyo aka duba sakamakonsa, babu Jogirafi, aka girgiza kai. Ya yi 'yan buge-buge, daga ƙarshe ya koyi tuƙin katafila.

Aiki kam bai rasa ba. Abuja ta cika ta batse, tana tunkuɗo mutane Mararaba da Masaka har Keffi, kowa na neman inda zai sa bulo. Ya auri Judit, ya gina ɗakunansa. Sai dai kullum safiyo ne ke kafa turaku a gaba, shi yana bi a baya yana sharewa, abin kuma yana ci masa rai.

Wata safiya Alhaji Sale, ɗan kwangilar da yake wa aiki, ya kai shi wani fili da masu shi suka sayar za a yi rukunin gidaje. Gabas daji ne. Yamma doya ce ta nuna, saura kaɗan a haƙa.

"Aikin zai ja lokaci," in ji Alhaji. "Ka fara ta inda ka ga dama."

Alhaji na tafiya sai ga wani tsoho yana dogara sanda. Malam Siman ne, ya ƙanƙance, ido ya yi fari. Bai gane kowa ba.

"Ɗana, don Allah ka fara ta gabas," in ji shi. "Doyar nan ita ce abincinmu na shekara, ni da tsohuwata."

Gaskiya Gamaliel ya ji tausayinsa. Mutumin da ya daɗe yana ƙullace da shi a zuciya ba shi ne wannan ba. Har ya yanke shawarar farawa ta gabas, abu ɗaya kawai yake so ya ji, a ce masa an yi kuskure.

"Sa, ni ne Gamaliel Dogara."

Tsoho ya washe baki, ya ga samu.

"Gamaliel! Yarona! Ai ba a taɓa yin mai ta da kunya irinka ba. Ka san malamin Jogirafi har gida ya bi ni yana roƙo in sake ka, wai kai ne mai ƙwaƙwalwar ajin? Na ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan ba da kai ba!"

Ya ƙyalƙyale da dariya. Shi a ganinsa yabo ya yi.

Ashe ba kuskure ba ne, an sani sarai.

"Matsa gefe, Baba, kada ƙasa ta zubo maka," in ji shi.

Ya hau, ya ta da inji, ya juya kan katafila yamma. Doya ta riƙa fashewa a ƙarƙashin ƙarfe, fara tas. Da ya kai ƙarshen layin farko ya waiwaya, ya hangi Malam Siman a durƙushe yana tsince gutsattsarin doyar yana zubawa a gaban rigarsa. Gamaliel ya gyara zama, ya shiga layi na biyu.