Ashe ba idona ba ne, kyauro ne

Kibiya ta biyar ta goce ta bar kukar da nake gwaji a kanta, sai na ce lallai idona ne. Birai na cinye min masara a Faru, ga shi idona ya fara mutuwa.

Na kai wa Baba Sanda, tsohon maharbi, bakan da na gada wajen babanmu da kibiyoyina. Ya lanƙwasa kyauron kibiyata da yatsu, ya yi dariya.

"Wa ya zaɓo wanga kyauro?"

"Ni ne, Baba. Sirara sun fi kyau."

"Bakan tsohonka ƙarfi gare shi, ɗana. Siriri waske mashi shikai. Harba wagga mai kauri."

Na harba. Cak a cikin kuka!

Wallahi har na shirya zuwa Mafara ganin likita. Ku ma kun taɓa zargin jikinku a banza haka?